Mudu Ɗaya Ga Mai Kwalba Da Mai Ƙwarya



Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa ta daɗe tana yawo a bakin ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Ana yin ta ƙasa-ƙasa, in dattijo ya matso sai a sauya zance. Mun ga ya fi kyau a fito da ita fili, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga abin da ya faru, ba za mu ambaci suna ko ikilisiya ba. Wani ɗan'uwanmu mazaunin Gyadi-Gyadi, mai aiki mai kyau, mai ba da zakka a kan kari, ya dawo daga wani kwas a Birtaniya da kwalabe uku na wiski. Wata Lahadi da yamma ya kira abokansa biyar zuwa falonsa. Ya ce musu taron ɗanɗano ne. Ya jera ƙananan kofunan gilashi, ya ajiye ruwa a gefe, ya ba kowa takarda da biro domin ya rubuta ƙamshin da ya ji. A cikin baƙin akwai ɗan majalisar dattawa. An watse wajen ƙarfe goma na dare, kowa ya tuƙa motarsa ya nufi gida, wani Hotoro, wani Unguwa Uku.

A cikin watan nan kuma majalisar dattawan ikilisiyar ta zauna a kan maganar wata gwauruwa da ta zo daga ƙauye. An same ta tana dafa burukutu tana sayarwa a ɓoye domin ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta. Aka sa ta ƙarƙashin horo, aka hana ta Jibin Ubangiji, aka sanar a gaban jama'a, ta koma bencin baya. Dattijon da ya riƙe kofin gilashi a Gyadi-Gyadi yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu.

Ra'ayinmu shi ne, wannan mudu biyu ne, kuma mudu biyu ba ya dacewa da gidan Allah. Kafin mu yi bayani, bari mu fara sanin abin da ke cikin kwalbar, gama yawancin dattawanmu ba su sani ba, shi ya sa ake rufe musu baki da Turanci.

Mene ne a cikin kwalbar?

Irin wiskin da ake yi wa taron ɗanɗano, masu shi suna kiransa singil molt, wato wiskin da aka yi da tsiron sha'ir zalla a matata guda ɗaya. Mahaifarsa ƙasar Sikotlan ce, a arewacin Birtaniya. Dokar da ta tsara shi, ta shekarar 2009, ta ce sai an yi shi da ruwa da tsiron sha'ir kaɗai, a matata ɗaya, a cikin tukwanen tacewa. Sai ya kwanta aƙalla shekara 3 a gangar itacen ok wadda ba ta wuce lita 700 ba, kuma ƙarfin barasarsa kada ya gaza kashi 40 cikin 100. In an rubuta shekara 12 a jikin kwalba, ma'anarsa mafi ƙuruciyar abin da ke ciki ya yi shekara 12 a ganga.

Iyayenmu mata da suka taso a ƙauye za su gane rabin aikin nan ba tare da an koya musu ba. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama da ruwan zafi, a tace, a zuba yisti a bar shi ya tashi. Haka ake yi da dawa in za a dafa burukutu. A wannan mataki abin da ke hannun Baturen giya ce kawai, mai ƙarfin kashi 7 ko 8. Daga nan ne hanya ta rabu. Mai burukutu takan tsaya nan ta zuba a ƙwarya. Mai wiski kuwa yakan zuba giyar a tukunyar jan ƙarfe ya hura wuta. Barasa ta riga ruwa zama tururi, sai a kama tururin a sanyaya shi ya koma ruwa. Yawanci sau biyu ake yin haka, har ƙarfin ya kai wajen kashi 70. Na farkon da ya ɗigo da na ƙarshe ana ware su, a ɗauki na tsakiya a zuba a ganga.

Launinsa da yawancin ƙamshinsa daga ganga suke fitowa. Gangar da ta taɓa ɗaukar barasar Amurka tana ba da ƙamshi mai zaƙi, wadda ta taɓa ɗaukar ruwan inabin Sifaniya tana ba da na busassun 'ya'yan itace. A wasu wurare, kamar tsibirin Islay, ana busar da tsiron da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama mai cin wuta, shi ya sa wiskinsu ke ƙauri. Kowace shekara wajen kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga yana bin iska, suna kiransa rabon mala'iku. Mu dai ba mu karanta a ko'ina cewa mala'iku sun nemi rabo ba.

Ƙananan matatu su ne abin alfahari a wurin masu ɗanɗano. Akwai Edradour kusa da garin Pitlochry, wadda ke ƙirga tarihinta daga 1825, an daɗe ana kiranta mafi ƙanƙanta a ƙasar, a da mutum biyu ko uku ne ke gudanar da aikinta. Akwai Kilchoman a Islay, wadda aka buɗe a 2005 a cikin gona, tana noma wani ɓangare na sha'irinta da kanta. Yadda ake ɗanɗanon kuwa, a zuba kaɗan a kofi mai tsukakken baki, a duba launi, a shinshina, a kurɓa a juya a baki, a ɗiga ruwa kaɗan a sake shinshinawa, sa'an nan a yi ta muhawara ko ƙamshin zuma ne ko na lemo.

Ba mu musun cewa akwai gwaninta da haƙuri a wannan sana'a. Mutumin da zai cika ganga yau ya jira shekara 12 ba rago ba ne. Tarihinta ma ya taɓa ikilisiya, gama rubutu mafi daɗewa a kan wiski a Sikotlan, na 1494, ya ambaci wani ɗan zuhudu mai suna John Cor da aka ba shi tsiro ya yi wa sarki. Kalmar wiski kanta ta fito daga harshen mutanen tsaunukan ƙasar, ma'anarta ruwan rai. Mai bi da ya san abin da Ubangiji ya faɗa wa Basamariya a bakin rijiya zai gane cewa an ari babban suna an ba ƙaramin abu.

A yi lissafi

Ɗan'uwanmu ya ce ɗanɗano ne. To, mu ɗauki biro. Ƙaramin awo ɗaya na wiski mililita 25 ne. In an ɗanɗana kala uku sau bibbiyu, awo shida ke nan, mililita 150. Wiskin ƙananan matatu da yawa ana cika shi a kwalba da ƙarfin kashi 46. Barasa zalla da ta shiga cikin mutum ta zama mililita 69. Babbar kwalbar giya ta mililita 600 mai ƙarfin kashi 5 tana ɗauke da mililita 30. Ashe mai ɗanɗano ya sha fiye da manyan kwalabe biyu. In kuwa irin wanda ba a sirka ba ne, mai ƙarfin kashi 60, ya sha kwalabe uku cur. Ƙwararrun da aikinsu ke nan sukan tofar bayan sun kurɓa. A falon Gyadi-Gyadi ba wanda zai tofar da abin da aka sayo da fam.

Da a ce an ga ɗan majalisar dattawa ya shanye kwalaben giya uku a Sabon Gari ya shiga mota ya hau titin Zariya, da gari bai waye ba sai labarin ya kai kunnen fasto. Abin da ya shiga jininsa a falo daidai yake da wannan. Hanta ba ta iya karanta takardar da ke jikin kwalba.

A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya. Tun 1988 cibiyarta mai binciken ciwon daji ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar, rukunin da taba ke ciki. Rahoton hukumar na 2024 ya ce a shekarar 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya. Mu a nan muna da ƙarin dalili. Babban binciken lafiya da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, da yawa ba su sani ba. 'Yan'uwanmu likitoci da nas-nas da ke aiki a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, nan kusa da mu, za su iya gaya mana abin da barasa ke yi wa hantar da ta riga ta raunana.

Gaskiya ta sa mu faɗi inda bambanci yake. Barasar da aka yi a matata mai lasisi ba a cika samun gubar metanol a cikinta ba, wadda ke makantarwa tana kisa. A Afrilun 2015 aƙalla mutum 18 suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo bayan sun sha ogogoro mai wannan guba, a watan Yuni na shekarar kuma sama da 60 suka mutu a Jihar Ribas. Barasar leda da ƙananan robobi, wadda hukumar NAFDAC ta sanar da fara hana ta a Fabrairun 2024, ta ci yaranmu da yawa saboda arharta da sauƙin ɓoye ta a aljihu. Mai kuɗi ya tsira daga waɗannan. Amma kuɗinsa tsabtar kwalba kawai ya saya masa. Maye da sabo da haɗarin mota da faɗa da iyali suna nan a cikin kowace kwalba, ko ta naira 200 ce, ko irin kwalbar Macallan ta 1926 da aka yi gwanjonta a Landan a Nuwambar 2023 a kan fam miliyan 2 da ɗoriya.

Mudu biyu ya daɗe a ƙasar nan

Wannan hali ba yau ya fara ba. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta tanadi hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Da Turawan Ingila suka kama Arewa, suka ci Kano a 1903, sai suka mai da yankin wurin da aka haramta sayar wa 'yan ƙasa irin wannan barasa. Amma Bature yana da izinin shigo da nasa, yana shan wiskinsa a kulob da yamma, yayin da ɗan ƙasa ke fuskantar hukunci a kan kwalba ɗaya. A kudu kuma, inda harajin barasa ya zama babban kuɗin shigar gwamnati, da mutane suka koyi tace tasu a farkon shekarun 1930, sai aka kira ta haramtacciya aka shiga kama su, ta Turai kuwa tana shigowa ta tashar jirgin ruwa.

Wasu daga cikin masu bishara na farko sun ga wannan rashin gaskiya. Bishop Herbert Tugwell na mishan ɗin CMS, wanda ya jagoranci tawagar da ta iso Kano a 1900 tare da Dakta Walter Miller, Sarki Alu ya sallame su, ya shafe shekaru yana yaƙi da cinikin barasa a Afirka ta Yamma. Bai tsaya kan 'yan ƙasa ba, ya fito fili ya soki shaye-shayen 'yan'uwansa Turawa, abin da ya jawo masa baƙin jini a Legas. Ikilisiyoyin da suka fito daga mishan ɗin SIM da SUM kuwa sun koyar da ƙaurace wa giya gaba ɗaya. Kakanninmu da suka ba da gaskiya a ƙauyukan Kano da Katsina, da na Filato da kudancin Kaduna, sun biya tsada a kan wannan. A gidajen Maguzawa giya ce abin gayya da biki da makoki, ita ce kuma jarin mace. Matar da ta fasa tukunyarta domin a yi mata baftisma ta rabu da abin da take sayen gishiri da sutura. Yau jikanta ya yi karatu, ya dawo da abin da ya fi na tukunyar ƙarfi wajen ninki goma, ya sa masa suna mai daɗi, mu kuma muka kau da kai.

Abin da muke cewa, da abin da ba mu ce ba

Ƙungiyarmu ta haɗa ɗariƙu dabam dabam, kuma ba bakinsu ɗaya a kan giya ba. Akwai waɗanda suka hana ta ɗungum. Akwai waɗanda suka hana buguwa amma ba su hana sha daidai kima ba, suna nuna bikin Kana da shawarar da Bulus ya ba Timoti saboda ciwon cikinsa. Akwai masu amfani da ruwan inabi mai barasa a Jibin Ubangiji, akwai masu amfani da marar barasa, wanda wani ɗan Metodis a Amurka, Thomas Welch, ya fara sarrafawa a 1869. Wannan shafi ba zai raba wannan gardama ba. Dukanmu dai mun yarda Littafi Mai Tsarki ya hana buguwa, ko a Karin Magana sura 23 ko a Afisawa sura 5.

Abin da muke cewa bai dogara ga ɗariƙa ba. Duk dokar da ikilisiya ta ɗauka, ta auna kowa da ita. In tsarin ikilisiyarku ya ce mai bi ba ya sha ba ya sayarwa, to ya hau kan mai kwalba kamar yadda ya hau kan mai ƙwarya. In kuwa kuna ganin ba za ku iya kiran mai kwalba gaban majalisa ba saboda shi ya sayi kwanon rufin majami'a, to ku mai da gwauruwar nan bencinta, ku roƙe ta gafara. Yakubu ya yi mana kashedi a sura ta 2 ta wasiƙarsa a kan ba mai tufafi masu tsada wurin zama mai kyau a bar matalauci a tsaye. Horon da ke kama talaka ya saki mai kuɗi ba ya gyara kowa. Yana koya wa matasanmu cewa laifin ba sha ba ne, laifin rashin kuɗi ne, kuma sun riga sun fara koyon darasin.

Wani zai ce, ai ita sayarwa take yi, shi kuwa a ɗakinsa ya sha. Gaskiya ne sayarwa na da nata nauyin. Amma ita yunwa ta tura ta, shi kuwa nishaɗi. Kuma wanda ya tara mutum biyar ya zuba musu da hannunsa, har da saurayin da bai taɓa kai barasa bakinsa ba, bai sha shi kaɗai ba. Kuɗin kwalabe ukun nan da ya biya wa 'ya'yan matar kuɗin makaranta, da tukunyar ba ta hau murhu ba.

Inda muke zaune

Akwai kuma maganar wurin da Allah ya ajiye mu. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003. A 2004 aka yi dokar da ta hana sayarwa da shan barasa a jihar, ta tanadi tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ga wanda ba Musulmi ba. A Nuwambar 2013 Hisba ta farfasa kwalaben giya wajen 240,000 a bainar jama'a, a Nuwambar 2020 kusan miliyan 2, a Fabrairun 2022 sama da miliyan 3.8.

Da yawa a cikinmu suna ganin bai kamata a ɗora wa wanda ba Musulmi ba irin wannan doka ba, suna kafa hujja da 'yancin addini da sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa, suna kuma tambaya a kan harajin kayayyaki da ake rabawa tsakanin jihohi. Tambayoyi ne masu nauyi, wurinsu kotu da majalisa da teburin tattaunawa, shugabanninmu kuma suna da ikon kai su can. Ba mu rubuta wannan domin mu yi wa Hisba aiki ba, ba kuma mu ce wani ya kai ƙarar ɗan'uwansa ba. Amma kada wani ya ruɗi kansa cewa kwalbar da ya ɓoye a bayan mota gwagwarmayar neman 'yanci ce.

Mu da ke Gyadi-Gyadi da Tarauni da Darmanawa da Daurawa ba a Sabon Gari muke ba. A tsakiyar maƙwabta Musulmi muke haya, famfo ɗaya muke ɗiba, a kasuwar Tarauni muke cefane tare, 'ya'yanmu suna wasa a layi ɗaya. Da yawansu ba za su taɓa shiga majami'a ba, abin da suka sani game da Almasihu shi ne abin da suka gani a ƙofar gidanmu. An daɗe ana yi mana kallon mashaya, iyayenmu kuma sun yi shekaru suna wanke wannan suna da halinsu. Almajirin da ke zubar da shara yana ganin kwalba, maigadi yana ganin wanda ya fito yana tangaɗi. Ba za a ce wane ya sha ba, za a ce Kiristocin gidan nan. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Waɗanda suka ga 1991 da 2001 da 2004 a garin nan sun san darajar maƙwabcin da zai tsaya a ƙofa ya ce waɗannan mutanen kirki ne.

Ko ga wanda ɗariƙarsa ta yarda masa ya sha, Bulus ya ajiye wata ƙa'ida a Romawa sura 14, cewa mai ƙarfi ya haƙura da abin da yake da iko a kai in zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe. A kowace majami'a akwai wanda ya yi shekaru yana kokawa da kwalba, akwai matar da ta san ƙarar takun mijinta in ya sha. Su ma suna jin labarin abin da aka yi a falo.

Roƙonmu ga dattawa

Na farko, kowace majalisar dattawa ta buɗe tsarin ikilisiyarta ta karanta abin da ya ce a kan barasa, a karanta wa jama'a a fili, da Hausa da Turanci, a kuma bayyana cewa ya shafi burukutu da ogogoro da giyar kwalba da ruwan inabi da wiski, kome tsadarsa.

Na biyu, a fara daga kan shugabanni. Bulus ya gaya wa Timoti da Titus irin halin da ake nema ga mai kula da ikilisiya, har da batun sha. Dattijon da ya san yana da abin ɓoyewa a kabad kada ya ɗaga hannu a kan wani. Ya je wurin fasto tukuna.

Na uku, kafin a sa mai dafa giya ƙarƙashin horo, a tambaye ta me za ta ci. Zumuntar mata da ta maza su haɗa jari, ko na ƙosai ne, ko na kunun zaƙi, ko keken ɗinki. Ikilisiyar da ta ce a fasa tukunya ita ke da alhakin abin da zai maye gurbinta.

Na huɗu, a gayyaci ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su yi wa zumuntar matasa bayani, a kuma shirya gwajin ciwon hanta da allurar rigakafinsa. Matasa sun fi jin lissafi da hujja fiye da tsawa.

Na biyar, a buɗe ƙofa ga wanda sha ya riga ya kama. Da yawa suna so su daina amma suna tsoron sanarwa a gaban jama'a. A sami dattawa biyu ko uku masu riƙe asiri da za a iya zuwa wurinsu, a kuma haɗa mai bukata da likita, gama wanda ya daɗe yana sha da yawa in ya daina farat ɗaya ba tare da kulawa ba yana iya shiga haɗari.

Ga ɗan'uwanmu na Gyadi-Gyadi da abokansa kuwa, ba mu rubuta wannan domin mu kunyata ku ba. Muna alfahari da karatunku, muna gode wa Allah saboda hannunku a aikin ikilisiya. Mun kuma gane cewa abin da kuke nema a yammacin Lahadi, wato zama da abokai da hira mai daɗi bayan gajiyar mako, abu ne mai kyau, kuma mu ne muka gaza tanadar muku da shi. Ku zo mu gyara wannan tare. Amma ku tuna da matar da ke bencin baya. Ranar Lahadi mai zuwa, in an miƙo muku ƙoƙon Jibi aka tsallake ta, ku tambayi zuciyarku ko Mai teburin ya yarda da wannan rabo.

Ubangiji ya ba dattawanmu hikima da ƙarfin hali, ya ba mu duka zuciya mai gaskiya. Amin.